Dokar Al'ada, Ikon Sarki da Rayuwar Daji: Daga Normandi Zuwa Rugu

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Katsina zuwa Batsari, ko wadda ta bi ta Dutsin-Ma zuwa Safana da Runka, ya san cewa da ya miƙa yamma sai gonaki su fara raguwa, duwatsu da itatuwa su fara yawa, har ya iske bakin Dajin Rugu. Wannan daji ya ratsa ƙananan hukumomin Jibiya da Batsari da Safana da Ɗanmusa, ya kuma haɗe da dazuzzukan Jihar Zamfara. A 'yan shekarun nan, da an ambaci sunansa abin da ke faɗo wa mutane a rai shi ne ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane. Amma ga mai nazarin halittu, Rugu wuri ne da ciyawa da itace da dabba da ɗan Adam suka daɗe suna cuɗanya, kuma wannan cuɗanya tana da ƙa'idojinta.

Tambayar da wannan maƙala za ta duba ita ce: wane ne ke da iko da daji? Sarki ne, ko gwamnati, ko kuwa mutanen da ke ci daga cikinsa? Tambayar tsohuwa ce. Shekaru fiye da 900 da suka wuce wasu sarakuna a Turai, waɗanda ake kira Normawa, sun yi fama da ita. Labarinsu ya shafe mu, domin tsarin mallakar ƙasa da Turawan Ingila suka zo mana da shi yana da saiwa a zamanin waɗannan sarakuna. Za mu ga cewa a can da nan, ikon mai mulki a kan daji yana ɗorewa ne idan ya amince da haƙƙoƙin da al'ada ta ba jama'a, kuma yawancin waɗannan haƙƙoƙi suna da dalilai na kimiyya a ƙarƙashinsu.

Mece ce dokar al'ada?

Dokar al'ada ita ce ƙa'idar da jama'a suka gada, suke bi, suke kuma ganin wajibi ne a bi ta, ko da ba a rubuta ta a littafi ba. Ba kowace ɗabi'a ce ke zama doka ba. Sai ta daɗe, ta zama sananniya ga kowa, kuma ya kasance akwai wanda za a kai wa ƙara idan an karya ta. Alal misali, babu takardar da ta gaya wa manomin ƙauye cewa kada ya nome burtali, amma a da ya san idan ya yi haka mai unguwa zai kira shi.

Malaman fiƙihu suna kiran wannan urfi, kuma mazhabar Malikiyya da muke bi ta yarda a yi hukunci da shi muddin bai saɓa wa nassi ba. Haka kuma hadisi ya nuna cewa mutane sun yi tarayya a ruwa da makiyaya da wuta. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta littafi sukutum a kan hanyoyin mallakar ƙasa, mai suna Ta'alimur Radi, inda ya yi bayanin raya mataccen fili, da hurumin gari da na rijiya, da kuma filin da shugaba zai keɓe domin amfanin jama'a.

Su wane ne Normawa?

Asalinsu mayaƙan jiragen ruwa ne daga arewacin Turai. A shekarar 911 Sarkin Faransa ya yanka wa shugabansu, Rollo, wani yanki a bakin teku don ya huta da hare-harensu. Yankin shi ne aka kira Normandi. A bisa ƙa'ida sarakunan Normandi suna ƙarƙashin Sarkin Faransa ne, kamar yadda hakimi yake ƙarƙashin sarki, amma a aikace sun kusa zama masu cin gashin kansu. Da yake su baƙi ne kuma 'yan kaɗan, sai suka ɗauki harshe da addini da yawancin al'adun shari'a na mutanen da suka tarar.

A 1066 Sarkin Normandi Wiliyam ya haye teku, ya ci sarkin Ingila da yaƙi a Hestins, ya hau gadon sarauta. Abu biyu ya yi waɗanda a ido suke kamar sun saɓa wa juna. Na farko, ya ɗauka cewa ƙasar Ingila duka tasa ce, ya rarraba ta ga manyan mayaƙansa bisa sharaɗin biyayya da kawo dakaru. Na biyu, ya rubuta wa mutanen Landan takarda yana tabbatar musu cewa za su ci gaba da zama bisa dokokin da suka sani tun zamanin Sarki Edwad. Ya gane cewa takobi na iya cin ƙasa, amma mutane 'yan dubbai ba za su iya riƙe al'umma guda ba sai ta hanyar kotuna da al'adun da al'ummar ta saba da su.

A 1086 ya aika wakilai suka zaga ƙasar, suna rantsar da mutanen kowace gunduma, har da talakawan ƙauye, suna tambayar wa ke riƙe da wace gona, garma nawa, makiyaya nawa. Abin da aka tattara shi ne littafin Dumsde, wanda ya ƙunshi wurare fiye da 13,000. Wani abin sha'awa ga ɗalibin kimiyya shi ne, a gundumomi da dama an auna girman kurmi ne da yawan aladun da zai iya ciyarwa. Wato tun a lokacin mutanen ƙauye sun san cewa kowane fili yana da iyakar dabbobin da zai ɗauka.

A Normandi kanta, al'adun shari'a sun daɗe a baki kafin a rubuta su wajajen shekarar 1200, aka kuma sake tattara su a wani babban kundi a tsakiyar ƙarni na 13. Sarkin Faransa ya ƙwace Normandi a 1204, amma bai soke al'adar ba. Ta ci gaba da aiki har zamanin juyin juya halin Faransa, kuma wani sashe nata ya saura a tsibiran Jazi da Ganzi. A can, wanda ya ga ana taɓa masa fili ko gini zai iya durƙusawa gaban shaidu ya yi wata kururuwa ta gargajiya da ake kira haro, yana neman agajin sarki, kuma dole wanda ake ƙara ya dakata har kotu ta duba. Ashe al'ada takan fi gidan sarautar da ya tsare ta tsawon rai.

Dokar daji ta Normawa

Wuri ɗaya da Wiliyam ya yi watsi da al'ada shi ne daji. Shi da 'ya'yansa masu son farauta ne ƙwarai. Saboda haka ya keɓe manyan yankuna ya sa su ƙarƙashin wata doka ta musamman. Mafi shahara shi ne wanda ya keɓe wajajen 1079 a kudancin Ingila, wanda har yau sunansa a harshensu ke nufin Sabon Daji. Ya kamata a lura cewa a wannan doka kalmar daji ba ta nufin itatuwa kawai. Har ƙauyuka da gonaki sukan faɗa ciki, kamar dai yadda iyakar gandun daji takan haɗa da mazaunin mutane a nan ƙasarmu.

Dokar ta kare abu biyu: namun dajin sarki, musamman bareyi da gadun daji, da kuma ganye da itacen da suke rayuwa a ciki. An hana talaka farauta, an hana shi sassabe, an taƙaita masa saran itace, an kuma riƙa yanke wa manyan karnuka farata don kada su kori dabba. Marubutan tarihin lokacin sun ce wanda ya kashe barewar sarki akan makantar da shi. Da ɗansa Wiliyam na Biyu ya mutu da harbin kibiya a cikin Sabon Daji a 1100, mutane da yawa sun ce alhakin talakawa ne. Ƙanensa Henri na Ɗaya, da ya gaje shi a wannan shekara, ya yi alkawarin mayar da tsofaffin dokoki, amma ya ce dazuzzuka kam suna nan a hannunsa yadda suke a hannun mahaifinsa. Zuwa ƙarshen ƙarni na 12, an ƙiyasta cewa tsakanin kashi ɗaya cikin huɗu da ɗaya cikin uku na Ingila yana ƙarƙashin dokar daji, kuma tarar da ake ci ta zama babbar hanyar samun kuɗin sarki.

Tura ta kai bango a zamanin Sarki Jon. Manyan ƙasa suka yi masa bore, suka tilasta masa amincewa da takardar Magna Karta a 1215. A 1217, a zamanin ɗansa Henri na Uku yana yaro, aka fitar da Takardar Daji. Ta hana kashe mutum ko yanke masa gaɓa saboda naman daji, ta yi umarni a saki filayen da aka ƙara keɓewa ba bisa ƙa'ida ba, ta kuma tabbatar wa 'yantattun mutane haƙƙinsu na kiwo da na amfani da kurminsu, har da zumar da ke cikinsa. Wani sashe na wannan takarda bai fita daga kundin dokokin Ingila ba sai a 1971.

Sabon Daji yana nan har yau, kuma a 2005 aka mayar da shi gandun shaƙatawa na ƙasa. Mazauna gefensa suna sakin dawakai da shanu a cikinsa bisa haƙƙin gado, wata tsohuwar kotu kuma tana zama a garin Lindhas tana kula da wannan haƙƙi. Masana sun tabbatar cewa kiwon ne ke hana sarƙaƙƙiya rufe filayen, da haka tsirrai da tsuntsaye da ƙwari masu wuyar samu suke rayuwa a wurin. Har ila yau akwai al'adar sakin aladu da kaka na aƙalla kwana 60 don su cinye 'ya'yan itacen ok. Waɗannan 'ya'ya suna da sinadarin tanin mai yawa wanda kan kashe doki da saniya, amma bai cika cutar da alade ba. Mutanen da suka kafa al'adar ba su san sunan sinadarin ba, sun dai san sakamakonsa.

Yammacin Katsina: daji a kan kufai

Yanzu mu dawo gida. Tun zamanin Sarki Muhammadu Korau a ƙarni na 15, sarautar Katsina ta tsaya ne a kan al'adun gargajiya da kuma shari'ar Musulunci, wadda malamai irin su Shaihu Magili, da ya zo ƙasar Hausa a ƙarshen wannan ƙarni, suka ƙarfafa. Sarki ne uban ƙasa, amma rabon gona yana hannun dagaci da mai unguwa, sha'anin makiyaya yana hannun arɗo, na farauta yana hannun sarkin baka. A nan ma sarakuna sukan wuce gona da iri. A littafin Kitabul Farƙi, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya lissafa jangali da kuɗin gari da gaisuwa cikin abubuwan da sarakunan Hausa suke ɗora wa jama'a ba bisa shari'a ba.

Bayan da masu jihadi suka ci Katsina wajajen 1807, Malam Ummarun Dallaje ya zama sarki, zuriyar tsofaffin sarakuna suka yi arewa, Ɗankasawa ya kafa Maraɗi wajajen 1819. Daga nan ƙasar Ruma da kewayenta, wato inda Batsari da Safana suke a yau, ta zama fagen fama tsakanin Katsina a gefe guda, da Maraɗi da Gobir a ɗaya gefen. Garuruwa da dama suka tashi. A watan Maris na 1853 matafiyin nan Bajamushe, Hainrik Bat, ya fita Katsina zuwa Sakkwato. Ya bi ta Kurfi da Zakka, sannan ayarinsu ya ratsa daji mai duhu cikin tsoron mahara, suna wuce kufan garuruwa, kafin su isa Zurmi. Malam Yusufu Bala Usman ya yi bayanin waɗannan sauye-sauye a littafinsa na tarihin Katsina daga 1400 zuwa 1883.

Wannan labari yana koya mana darasin kimiyya. Idan mutane suka bar gona, ciyayi masu rayuwar damina ɗaya irin su ƙarangiya da kyasuwa ne ke fara rufe ta. Bayan 'yan shekaru sai sabara da kalgo da geza su tofo, gamba ta kafu. Idan aka ƙara shekaru ba sara ba gobara mai tsanani, sai manyan itatuwa irin su marke da ƙirya da taura da kanya su mamaye. Wannan shi ake kira maye-gurbin tsirrai. Kukoki kuwa, da yake suna rayuwa ɗaruruwan shekaru, su ne ke zama shaida: inda ka ga sun yi cincirindo a tsakiyar daji, sau da yawa tsohon gari ne. Ke nan wani sashe na Rugu daji ne da ya tsiro a kan gonakin kakanni. Har zuwa shekarun 1990 akwai garken giwaye da ke kai da kawowa tsakaninsa da dajin Baban Rafi a kudancin Maraɗi.

Kimiyyar da ke cikin al'ada

Yankin Batsari da Safana yana samun ruwan sama na kimanin wata huɗu, sauran shekarar kuwa rani ne. Ruwan kuma ba ya zuwa daidai kowace shekara. Al'adun amfani da ƙasa a yankin amsa ce ga wannan hali. Bari mu ɗauki guda huɗu.

Na farko, burtali da mashaya. Saniya mai nauyin kilogiram 250 tana bukatar busasshen abinci kimanin kilogiram 6 a kullum, wato fiye da tan 2 a shekara. Mu ɗauka hekta guda ta ba da tan 2 na ciyawa. Ba duka saniya za ta samu ba, domin gara za ta ci, wuta za ta ci, kofato zai tattake, kuma dole a bar wani ya rufe ƙasa. Idan kashi ɗaya cikin uku ne ya shiga cikin dabba, to saniya guda tana bukatar hekta 3 ko fiye, garke mai shanu 50 kuma hekta 150 ko fiye. Babu makiyayin da zai sami wannan a wuri ɗaya duk shekara. Dole ya yi tafiya, tafiya kuwa sai da hanya da ruwa. Wanda ya toshe burtali ya tilasta wa shanu ɗayan biyu: su shiga gona, ko su tsaya wuri guda su cinye ciyawa tun ba ta zubar da iri ba, har ƙasa ta zama fako, tumfafiya da tafasa su gaje ta.

Na biyu, sakin gonaki bayan girbi. Makiyayi ya sami kara da sauran abin da aka bari, manomi ya sami taki. Kashin shanu da fitsarinsu suna mayar wa ƙasa naitrojin da fosfaras, suna kuma ƙara mata ikon riƙe ruwa. A da manomi har dawa ko gero yakan ba Bafulatani don ya kafa ruga a gonarsa. Abin da shanu suka ci a daji, ta wannan hanya yake zama hatsi a rumbu.

Na uku, kare itatuwan amfani. Mai sassabe ba ya sare gawo ko ɗorawa ko tsamiya ko kuka ko aduwa, kuma a wurare da dama a ƙasar Hausa 'ya'yan ɗorawa suna da mai su ko da gonar ta canja hannu. Gawo ya isa misali. Yana zubar da ganye da damina, don haka ba ya yi wa gero inuwa, ya kuma yi ganye da 'ya'ya da rani lokacin da dabbobi ke cikin yunwa. A saiwarsa akwai ƙwayoyin bakteriya masu kama naitrojin daga iska. Shi ya sa hatsin gindin gawo yake fin na sarari kyau.

Na huɗu, sasanci cikin gaggawa. Idan shanu suka yi ɓarna, mai unguwa da arɗo da dattawa sukan je gonar, su kimanta asarar, a biya, a wuce wurin. Hukuncin yana da sauri, yana da arha, kuma masu yanke shi sun san kowa. Ba a ce tsarin ba shi da aibi ba. An sha samun masu sarautar da suka karɓi gaisuwa suka ba da hurumi, ko suka yi zalunci wajen karɓar jangali. Amma dai kowa ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Yadda iko ya ƙaura

A 1903 Turawa suka ci ƙasar Hausa. A Sakkwato Gwamna Lugga ya bayyana cewa duk ikon da Fulani suka samu ta hanyar yaƙi ya koma hannun Ingila ta hanyar yaƙi, har da iko da ƙasa. Hujjar Wiliyam ke nan ta 1066. Kamar shi kuma, Lugga ba shi da isassun mutane, sai ya yi mulki ta hannun sarakuna da alƙalai. A zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, aka daidaita gundumomin hakimai. Sarkin Ruma shi ne hakimin Batsari, Yariman Katsina kuma na Safana.

Dokar ƙasa ta 1910 ta sa filayen Arewa duka ƙarƙashin kulawar gwamna, a matsayin amana domin amfanin 'yan ƙasa. Dokokin gandun daji na 1916 da 1937 suka ba da damar keɓe dazuzzuka, En'e tana tsaronsu da malaman daji. A 1965 Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe makiyaya, kuma a shekarun 1960 aka yi aikin raya makiyayar Ruma da Kukar Jangarai, wadda aka fi sani da ta Runka, aka gina madatsun ruwa domin dabbobi.

Daga nan sai ikon masu sarauta ya fara zagwanyewa. A ƙarshen shekarun 1960 aka karɓe kotuna da 'yan doka daga hannun En'e. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kawo ƙarshen En'e ɗungurungum. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen kowace jiha ga gwamna, ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da filin noma har hekta 500 da na kiwo har hekta 5,000. A 1979 Gwamna Balarabe Musa ya soke haraji da jangali a tsohuwar Jihar Kaduna, wadda Katsina ke cikinta kafin 1987. Talakawa sun yi murna, kuma suna da dalili. Sai dai a sanadin jangali ne dagaci da arɗo suke sanin kowane garke da mai shi, kuma ba a kawo wani tsari da ya maye wannan gurbi ba.

A daidai wannan lokaci matsi ya ƙaru. An yi fari a 1972 zuwa 1974, aka sake yi a 1983 zuwa 1984. Ƙidayar 1991 ta ba Jihar Katsina mutum kimanin miliyan 3 da dubu 750, ta 2006 kuma miliyan 5 da dubu 800. Takin zamani ya rage wa manomi bukatar kashin shanu, kara ya zama abin sayarwa, noman rani ya shiga fadamun da dabbobi ke sha. Aka wayi gari mai iko a takarda yana nesa da daji, wanda ke kusa da daji kuma ba shi da iko.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Satar shanu ta yi ƙamari bayan 2011, ta rikiɗe ta zama fashi da garkuwa da mutane. A watan Fabrairu na 2020 an kashe mutum 30 a ƙauyukan Tsauwa da Dankar na Batsari, a watan Disamba na wannan shekara kuma aka sace ɗalibai fiye da 300 a makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. Ba wanda zai ce toshe burtali kaɗai ya jawo wannan, domin akwai yaɗuwar bindigogi da talauci da rashin hukunta mai laifi da ramuwar gayya, kuma babu wani dalili da zai halatta zubar da jini. Amma rushewar hanyar sasanta ƙaramar rigima tana cikin abubuwan da suka share wa babbar fage.

Darasi daga Maraɗi

A 1968 wani masanin halittu Ba'amurke, Garet Hadin, ya yi rubutu cewa duk makiyayar da ta zama ta kowa da kowa ƙarshenta lalacewa, domin kowa zai ƙara dabba don ribar kansa. Wata masaniya, Elino Ostrom, ta bi diddigin makiyaya da dazuzzuka da madatsun ruwa a ƙasashe da yawa, ta nuna cewa akwai bambanci tsakanin abin da ba shi da mai shi da abin da jama'a suka mallaka tare bisa ƙa'ida. Na biyun yakan daɗe ɗaruruwan shekaru idan iyakarsa sananniya ce, masu amfani da shi suna da baki wajen tsara doka, akwai masu sa ido, horo yana hawa daki-daki, sasanci yana da sauƙi, kuma hukuma ta sama ta amince da tsarin. Wannan aiki ya sa ta sami kyautar Nobel a 2009.

Hujja tana nan kusa da mu. A Nijar, dokar daji ta Faransawa ta 1935, da waɗanda suka biyo ta bayan 'yancin kai, sun sa itatuwa masu daraja ƙarƙashin ikon gwamnati ko da a gonar mutum suke. Manomi ya ga itace ba nasa ba ne, sai jawo masa tara, don haka yakan cire shi tun yana ƙarami. Daga 1983 wani malamin gona ɗan Ostireliya, Toni Rinaudo, ya yi aiki da manoman Maraɗi a kan barin tohon kututture, a rage rassa a bar masu ƙarfi su girma, abin da ake kira sassaben zamani. Da hukuma ta sassauta, manoma suka tabbata itacen nasu ne, sai abin ya bazu. Dokar karkara ta 1993 ta amince da haƙƙin al'ada, ta kuma kafa kwamitocin ƙasa da suka haɗa ma'aikata da sarakuna da wakilan manoma da makiyaya. Masu bincike sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200, yawanci a jihohin Maraɗi da Damagaram.

Kammalawa

Mun ga cewa Normawa sun zauna da gindinsu a inda suka girmama al'ada, sun gamu da bore a inda suka take ta, kuma dajinsu ya tsira ne bayan da aka rubuta haƙƙin talaka aka ba shi kotu. Ba za a iya mayar da Batsari da Safana zamanin En'e ba, sarki goma zamani goma. Abin da za a iya shi ne a auna burtali da mashaya da hurumi a sa su a taswira, doka ta amince da su, a ba dagatai da arɗaɗe da wakilan manoma matsayi bayyananne wajen tsaronsu, tare da hanyar ɗaukaka ƙara idan sun yi son kai.

Malamai da ɗalibai suna da rawar takawa. A nemi dattawan gari su faɗi inda burtali ya bi a da, da itatuwan da aka hana sarewa, da wanda ake kai wa ƙarar ɓarna, a rubuta. A zaɓi gona biyu kusa da gari, inda babu hatsari, a ƙirga itatuwan kowace, a kwatanta zangarniyar gindin gawo da ta sarari. Ɗalibin da ya yi wannan ya haɗa darasin tarihi da na kimiyyar halittu a aiki guda, ya kuma adana sanin da ke tafiya tare da masu shi. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.